Neman taimako: apt ya maƙale a Ubuntu 22.04, /boot ya cika

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ana tsakiyar sabunta manhajojin Ubuntu (wani nau'in Linux) da umarnin `sudo apt upgrade` aka ɗauke wuta, kwamfutata ta mutu. Da na kunna na buga `sudo dpkg --configure -a` don ƙarasa aikin da ya katse, sai ya tsaya a kan linux-image (ƙunshin kernel, wato zuciyar Linux) yana cewa babu wuri. `df -h`, mai duba wurin ajiya, ya nuna /boot (inda ake ajiye fayilolin tayar da kwamfuta) ya cika maƙil da tsofaffin kernel.

Abin da ya ɗaure min kai shi ne, `apt autoremove` ya ƙi goge su sai an gyara abin da ya lalace, shi kuma `apt --fix-broken install` mai yin gyaran, wurin yake nema.

Don Allah zan iya cire tsohon kernel da `dpkg --purge` kai tsaye, in bar wanda ke aiki yanzu, wato wanda `uname -r` ya nuna? Ina tsoron kwamfutar ta ƙi tashi, aikina duk yana cikinta.