An canja kwamfireso amma AC ɗin Hilux ta ƙi sanyi

Baban Ummi, Samaru:
Salamu alaikum jama'a, don Allah masu sanin mota ku taimaka min. Hilux ce da ni mai dizal, kwamfireson AC ya lalace har yana ƙara kamar injin niƙa, sai na sayo na Beljiyam aka ɗaura aka zuba gas. To idan na tayar da safe tana yin sanyi sosai amma kafin in kai Kwangila ya ɗauke, sai iska mai zafi kawai, in na kashe ta huta ya ɗan dawo. Mai gyaran ya ce gas ne ya yi kaɗan, ya ƙara, ba abin da ya canja, yanzu wai in sake sayo wani kwamfireson. Ga zafin Afrilun nan wallahi mutum ya rasa inda zai sa kansa.

Ɗan Riwaya:
Wa alaikumus salam Alhaji. Kar ka sayi komai tukuna. Lokacin da sanyin ya ɗauke ka tsaya ka buɗe bonet, AC a kunne, ka kalli fuskar kwamfireson, kulocin na juyawa ko ya saki? In ya saki a duba rilai da fiyus da giɓin kulocin, bai kamata ya wuce kamar rabin milimita ba. Kuma gas ɗin da aka ƙara ma zai iya jawo haka, firesha in ta yi yawa siwic ɗin da ke lura da ita da kansa ke yanke wa kwamfireson wuta.

Mai AC na Tudun Wada:
Ranka ya daɗe tambaya ɗaya, an canja diraya? An yi bakyum, wato zuƙe iska da danshi daga layin da inji, kafin a zuba gas? Don wannan sanyi ya zo ya tafi ya dawo in an huta, mafi yawa danshi ne ya shiga layin, sai ya daskare a bakin bawul ɗin da ke fesa gas cikin dashbod ya toshe shi, in ƙanƙarar ta narke ya buɗe. Aikin diraya ke nan ta tsotse danshin, kuma tsohuwa ba ta iyawa. Bakyum aƙalla minti 30, amma yaranmu sai su buɗe gwangwani su hura su ce an gama.

Sannan tunda tsohon kwamfireson har ƙara ya yi, to ya watsa garin ƙarfe cikin layin. Kwandensan motocin yanzu, wato wanda ke gaban lagireto yana huce gas ɗin, ramukansa ƙanana ne sosai, wanki ba ya fitar da dattin, canjawa ake yi, in ba haka ba sabon kwamfireson ma haka zai ci ƙarfen ya bi ɗan'uwansa. A sa geji a gani, ɓangaren ƙaramar firesha ya zauna wajen 30 zuwa 40 psi, in yana gangarowa sifili to toshewa ce.

Direban Giwa:
Kuma ka tsaya a kansu ka ga R134a suka zuba, wasu na firij R600a suke sawa, shi kuwa yana kama wuta. Nauyin gas ɗin na rubuce a sitika ƙarƙashin bonet.

Baban Ummi, Samaru:
Na gode ƙwarai. Na duba, kulocin na juyawa lafiya lau. Na kira mai gyaran ya ce diraya bai taɓa ta ba, bakyum kuma injinsa na wurin gyara. Oga, kwandensan zan samu a Sabon Gari nan Zariya ko sai na je Panteka a Kaduna?

Mai AC na Tudun Wada:
Fara da Sabon Gari Alhaji, amma ka tafi da tsohon a hannu a gwada bakin bututun, kuma sabo za ka saya ba Beljiyam ba. Ka haɗo da man PAG, wato man kwamfireso.