Musayar waƙa: Wa ya zaɓi magajin gari?

Mushe Mai Ritaya:
Salamu alaikum 'yan uwa. Ga baitoci kan zaɓen ƙananan hukumomi a garuruwanmu na jihar Maraɗi, ƙasar Nijar. Mai amsawa ya riƙe amsa-amo, kada ya karya mini shi.

Da sunan Allah nike buɗe baki,
Ya ba mu basira da kyan nazari.

A 2004 anka ce mu taso,
Mu zaɓi waɗanda za su riƙe gari.

Munka yi layi a filin lakwal,
Maza nasu, mata nasu, tun da wuri.

Munka dangwala, yatsa ya sha tawada,
Kowa ya koma gida da buri.

Ashe kansiloli kaɗai munka zaɓa,
Su ne ka zaɓen magajin gari.

Daren jajibiri ba su kwan gida ba,
Wani Alhaji ya kwashe su cikin sirri.

Jam'iyyar da ta zo ta ɗaya a akwati,
Ta tashi ba kujera ba tambari.

2011 haka, 2020 haka,
To ƙuri'ata wa ta yi wa alheri?

Inna Mai Ƙuli:
Mushe sannu da alli. Ni ban yi lakwal ba, ɗiyata ce ka rubuta mini, in ta ɓata laifinta ne.

Mushe ka duba layin da kyau,
Namu ya fi naku tsawo a gari.

Waɗanga su zo da atamfa mai hoto,
Waɗancan su zo da buhun gishiri.

Wasu sabulu, wasu dunƙulen magi,
Wasu ƙullin shayi da sukari.

Duk mun amsa, mun rangaɗa guɗa,
Bayan labule ko akwai sirri.

Wanda ya gyara pampon unguwarmu,
Shi ni ka ba, ko shi zo ba kirari.

Duk ran kasuwa sai na yanki tikiti,
Tun ƙuli na tire ban maida jari.

Rumfar ko in damina ta kama,
Zuba ta kai, sai mu tsaya a sarari.

A 2019 doka ta ƙara ma mata,
Kujera 25 cikin ɗari.

Tamu ta shiga, in ta ɗaga hannu,
Sai a ce Hajiya lokaci ya ƙure, bari.

Ɗan Kabu-kabu:
Inna ina kwana, Baba Mushe barka da hutawa. Ni yaro ne, zaɓen 13 ga Disamba 2020 shi ne na farko gare ni, amma babu ɗan takarar da ban yi wa rakiya ba.

Garinmu ba a tambayar mi jam'iyya ta ce,
Sai wa ke kan lis, ɗan wane gida ne a gari.

Unguwar fada tana bin ɗan sarki,
'Yan kasuwa suna bin mai jari.

Ƙauyukan bakin gulbi su haɗa kai,
Su tsaida nasu, sun gaji da garari.

Mutum shi bar jam'iyyar Nassara shi koma Tarayya,
Ko Rahama, ko Gaskiya, shi sake tambari,

Ƙuri'un unguwa su bi shi duka,
Kamar kaji an watsa tsaki a sarari.

Mu ko jika biyu ta mai, mu cika hanya,
Oda da ƙura, maroƙi na kirari.

Bayan zaɓe in ka buga wayarsa,
Yaro ka ɗauka, shi ce maka bari.

Tsohon Kansila:
Na ga an taru kaina, har da ɗan da na ba kuɗin mai. Ba komai. Inna, Mushe, ku saurari wanda ya zauna ciki.

Kansila ba shi da albashin wata,
Kuɗin zama ne, shi ma sai da jinkiri.

Suna, biki, rasuwa, takardar likita,
Duk ƙofar gidana tun da wuri.

Lanho, wato haraji, in an zo amsa ku ɓuya,
Mai gari shi yi ta yawo gari gari.

Bana gero bai yi ba, wa za ka matsa wa?
Shi da ya saida akuya tun fari?

Kason gwamnati shi taso daga Yamai,
Kafin shi iso an sha haƙuri.

Sarakai na zama cikin majalisa,
Ba su jefa ƙuri'a, haka ne tsari.

Amma in sarki ya gyara murya,
Kansila nawa ne za shi yi tsauri?

Zancen kwasarmu da dare ban musa ba,
An yi, Mushe, har da naman tsire da ƙari.

In ba ka ɓoye naka ba a ɓoye maka su,
Da asuba ka iske sun sake guri.

Mushe Mai Ritaya:
Alhaji ka faɗi gaskiya, ko da rabinta ce. Amma duk wanga zance na jiya ne.

26 ga Yuli 2023 soja sunka hau,
Afrilu 2024 sunka rushe tsari.

Majalisun duk anka sallame su,
Kantoma ya hau kujerar magajin gari.

2025 jam'iyyu ma anka rushe,
Ba tuta, ba ganga, ba kirari.

To ku gaya mini, ku da ka shiga kasuwa,
An samu sauƙi ko an samu ƙari?

Ɗan Kabu-kabu:
Baba ni dai abin da ido ya gani.

Namu kantoma ba shi da bashin kowa,
Bai ci atamfa ba, bai ci gishiri.

Ba kansilan da za shi tsorata shi
Da takardar tsigewa ko wani shiri.

Ya ce a yashe kwata an yashe,
Ya ce a tada rumfar kan hanya, an yi da sauri.

Inna Mai Ƙuli:
Ɗana, cikin rumfunan da anka tada har da ta ƙanwata.

Wancan magajin na san uwarsa,
Katanga ɗaya ce tsakaninmu a gari.

Ran da mai tikiti ya zubar min da tire,
Gidanta na nufa ban tsaya nazari.

Ta aika a kira shi, ya zo ya durƙusa,
Ya biya ni jika uku, ya ba ni haƙuri.

Wanga baƙo ne, ban san gidansu ba,
Ga soja ƙofa, fuska a ɗaure da tsauri.

In ya yi daidai Allah shi saka,
In ya karkace wa za shi ce masa bari?

Tsohon Kansila:
Inna kin taɓo inda ke mini ƙaiƙayi. Baiti biyu kawai, an kira la'asar.

Ran da duk anka buɗe zaɓe ina nan,
Hotona na cikin akwati tun fari.

Pampon unguwarku ni za ni gyara,
Ki riƙe mini mata, ban zo da sukari.

Inna Mai Ƙuli:
Alhaji pampon ya mutu tun kaka. Gyara shi yanzu, maganar ƙuri'a sai ruwa ya zo.