Farin ruwan inabin Bordo: me zan ce wa baƙi in sun tambaye ni?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum. Karatu nake yi a Bordo, wani birni a ƙasar Faransa, da yamma kuma ina kai wa baƙi abinci a wani ƙaramin gidan abinci kusa da kogin Garonne. Ni ban taɓa kai giya bakina ba. Jiya wata dattijuwa ta ɗora yatsa a kan takardar abin sha, wai Entre-Deux-Mers, wani farin ruwan inabi na yankin nan, ta ce yaya ɗanɗanonsa, kuma zai tafi da kifin da ta ce a kawo mata? Na tsaya kamar an dasa ni. Sai da maigidan ya zo ya fitar da ni kunya, daga baya ya ja ni gefe ya ce dole in koya. A bayan kwalbar an rubuta Sauvignon da Sémillon. Me ya sa ake haɗa biyu? Wanda ya sani don Allah ya taimaka.

Anti Ladi, Jos:
Ƙanena, kwantar da hankalinka. Na yi shekaru ina aikin otal, kuma ni ina sha. Sunayen inabi ne guda biyu. Sauvignon shi ne mai kaifi: tsami kamar lemun tsami ko garehul, da wani ƙamshi irin na ɗanyar ciyawa da aka yanka da safe. Shi kaɗai yana iya yi wa harshe tsauri. Sémillon kuma shi ne mai kauri, yana da ɗan ƙamshin zuma da kakinta, ko da ba zaƙi a ciki. Kamar dai yadda ake sassauta tsamin kunu. Wani lokaci suna ƙara ɗan Muscadelle don ƙamshin fure.

Na Entre-Deux-Mers ɗin nan mara zaƙi ne, mara nauyi, ana sha da sanyi, wajen digiri 8 zuwa 10. Ka ce mata ya dace da gasasshen kifi, da jatan lande, da ƙumbar tekun nan da suke kawowa daga Arcachon, can bakin teku kusa da ku, suna ci ɗanye. Cukun akuya ma haka. In kifin yana cikin miya mai man shanu, ko kaza ce, ka nuna mata Pessac-Léognan, wani farin na Bordo ɗin, wanda galibi ya kwana a gangar itace, ya fi jiki. Kada dai ka kuskura ka kawo Sauternes da kifi. Shi ma farin Bordo ne, inabin ɗaya ne, amma wannan zaƙi ne zalla.

Malam Sani:
Ɗan'uwa, ban zo in ɓata maka zance ba, amma hadisin da ya yi magana kan giya ya ambaci har mai ɗaukarta da mai shayar da ita. Ka tambayi maigidan ko zai mayar da kai kicin. Allah ya buɗa maka wata hanya.

Bakano a Cape Town:
A nan haɗin farinsu yawanci da inabin Chenin Blanc suke farawa, don haka kar ka ɗauka duk farin haɗi ɗaya ne. Abu guda zan ƙara: in abincin da barkono, mai kaifin nan ƙara wa baki zafi yake. Wani abokin aikina Bature ya gwada da kilishin da na zo da shi, har hawaye.

Ɗan Damagaram:
Amin, Malam, na gode. Na riga na yi masa maganar kicin, ya ce sai ƙarshen wata, in mai wanke kwanuka ya tafi. Anti, na kwafe bayaninki a bayan takardar da nake rubuta oda. Tambaya ɗaya: asabar za a yi kifi da miyar lemun tsami, wanne zan nuna musu?

Anti Ladi, Jos:
Da man shanu a miyar ko babu?