Albarkacin kaza, ƙadangare ya sha ruwan kasko: wa ke cin albarkacin wa a hurumi?

Ɗan Fadama: Jama'a, wannan karin maganar ta tsaya mini a rai. Da muna yara, hurumin garinmu har da tafki a tsakiya. Saboda shanu aka hana noma wurin, amma damo da kunkuru da kwaɗi duk a nan suke rayuwa. Da aka yanka shi gonaki, shekara uku ban ƙara jin kukan kwaɗo da damina ba. Shanun ne kazar, ko ba haka ba?

Malam Na Bakin Kasuwa: Ɗan'uwa, ka ja ta inda ba ta saba zuwa ba. Ana faɗinta ne ga wanda ya samu alheri don darajar wani, har da ɗan gori a ciki. Ƙadangare ba shi aka zuba wa ruwan ba.

Ɗan Fadama: Ai Malam, haka abin yake. Dokar makiyaya ta 1965 a Jihar Arewa, wadda ta ba da damar keɓe wuraren kiwo, don dabbobi aka yi ta, ba don kunkuru ba, amma ya fake a inuwarta.

Goggon Yara: Ni gorin ne ban yarda da shi ba. Ɗana, ka taɓa zama bakin mashaya bayan magariba? Kwaɗo na nan a sawun kofato inda ruwa ya kwanta, yana lashe ƙwari ɗaya bayan ɗaya. Damo na cin fara, maciji na rage ɓera. Wanda ke aiki haka ba cima-zaune ba ne. Ya biya kuɗin ruwansa.

Bagombe: Goggo, a gafarce ni, ki cire maciji. Ki je asibitin Kaltungo ki ga makiyaya da manoman da kububuwa ta sara. A wurinmu shi ƙadangaren bakin tulu ne: a kashe shi ɓera ya yi yawa, a bar shi ya ɓata ruwa.

Goggon Yara: Gaskiyarka, Allah ya ba su lafiya. Amma ƙunar daji da ake yi don korarsa, kunkuru take ci, shi da ba ya iya gudu. Ciyawar shanun ma ta tafi. A sa wa yara takalmin roba mai tsawo da tocila, ya fi ashana.

Ɗan Fadama: Ga kuma masu kwashe burduddugi, wato manyan kwaɗin nan, buhu-buhu a fadamun Haɗeja da Nguru, a busar a kai Kudu. Malam, wannan wace karin magana za ta ɗauke shi?

Malam Na Bakin Kasuwa: Bari in tambayi tsohuwarmu, gobe zan kawo muku.