Neman shawara: mun samu wajen wankin ƙoda mai araha, amma Baba na rawar ɗari

Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata huɗu ke nan ana yi wa mahaifinmu wankin ƙoda. Likita ya ce sau uku a mako, mu kuwa sau biyu muke iyawa, shi ma sai da fili ya tafi. Mun koma wani wuri mai sauƙin kuɗi, amma sau biyu a jere, ana tsakiyar wanki sai zazzaɓi da rawar ɗari su rufe shi. A wuya aka saka masa bututun da ake haɗa shi da injin wankin. Mu ci gaba ko mu tashi?

Wata ma'aikaciyar jinya:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya ba Baba lafiya. Kada ku jira ranar wanki, ku kai shi ga likitan ƙoda yau a gwada jininsa. Irin wannan rawar ɗarin galibi ƙwayoyin cuta ne a bututun wuya, ko kuma ruwan injin ba shi da tsabta. Ruwan nan shi ne abin da 'yan uwan majinyaci ba sa tambaya, alhali a zaman awa 4 wajen lita 120 ke wucewa ta matatar da ke tace jinin, fata siririya ce kawai tsakaninsa da jini. Ki tambaye su yaushe suka gwada ruwansu, su nuna miki takarda. Ki sa ido a buɗe sabuwar matatar jini a gabanki. Kuma sun gwada shi ciwon hanta nau'in B da C kafin su ɗora shi? Mai nau'in B injinsa daban ake ware masa. Wurin da bai yi gwajin nan ba, wallahi ni ba zan kai nawa uban ba.

Wani ɗan uwa daga Bauchi:
A 2025 gwamnatin tarayya ta sanar da rage kuɗin wanki zuwa naira 12,000 a wasu asibitocinta, har da na Azare da na koyarwa na Maiduguri. Akwai layi, amma ku gwada.

Wata uwa:
'Yata, ku nemi a yi masa aikin haɗa jijiya a hannu, fistula. Maigidana tun da aka cire na wuyan zazzaɓi ya ragu. Sai dai takan ɗauki makonni kafin ta nuna a fara wanki da ita, ku fara magana da wuri. Kuma a raba shi da jiƙe-jiƙe da kanwa.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yayana ya tafi nemo mota, yanzu za mu wuce asibiti.