Masu buga Witcher: me ya hana abokan Geralt ba shi labarin Yennefer?

Ɗan Gwale:

Salamu alaikum jama'a. Ina da magana a kan Geralt, mafaraucin dodanni kuma jarumin wasannin bidiyo na Witcher, kuma don Allah waɗanda suka buga wasannin uku su taimaka min, domin abin yana ci min rai.

An kashe Geralt a tarzomar garin Rivia, masoyiyarsa Yennefer, matsafiya, ta ƙarar da ƙarfinta wajen ceto shi har ita ma ta faɗi. Wasan farko na 2007 ya buɗe da an tsinto shi da rai kusa da Kaer Morhen, sansanin da aka horar da shi, ƙwaƙwalwarsa ta shafe, bai san ko shi wane ne ba. Waɗanda ke kewaye da shi kuwa duk sun san shi ciki da waje: Vesemir da ya rene shi, Eskel da Lambert, ga kuma matsafiya Triss Merigold. Can a birnin Vizima ya haɗu da tsofaffin abokansa, Zoltan da mawaƙi Dandelion. Duk a cikinsu ba wanda ya zaunar da shi ya ce, kana da mace sunanta Yennefer, kana da yarinyar da ka riƙa kamar 'yar cikinka sunanta Ciri.

Kowa Triss yake zagi, kuma na gane dalili. Ƙawar Yennefer ce, ta ga mutum bai san hagunsa da damansa ba, ta shige masa. Wannan cin amana ne. Amma ita an san abin da take so. Dandelion fa? Mutumin da bakinsa ba ya rufuwa, wanda ya mayar da soyayyar nan waƙa yana yawo da ita gari-gari, shi ne zai iya haɗiye magana irin wannan? Ni a wurina nan ne labarin ya yage, kuma yagewar ta sa ko a Witcher 3 na kasa kallon tsofaffin abokan nan da idon da wasan yake so in kalle su. Akwai bayanin da ya wuce ni ne?

Uwar Ciri:

Wa alaikassalam ɗan'uwa. A yi wa Triss adalci. A lokacin kowa ya ɗauka Yennefer ta mutu, to me za a tayar wa marar lafiya da shi? Kuma a wasa na biyu, na 2011, ita ce ta ba shi labarin Yennefer da bakinta a cikin jirgin ruwa kan hanyar Flotsam. Sannan ka tuna a Novigrad, lokacin da suke aikin korar ɓeraye daga rumbun hatsi, ta amsa cewa ta ci gajiyar mantuwarsa. Ta san ta yi laifi. Kalli kuma yadda ta sa ranta a haɗari ta fitar da matsafa daga Novigrad zuwa ƙasar Kovir alhali ana ƙona su a dandali. Yennefer fa ta tayar da gawar wani saurayi, Skjall, a lambun allahiya Freya don ta tambaye shi labarin Ciri, ta lalata wuri mai tsarki, ko a jikinta.

Malam Na Kanti:

Ɗan Gwale, amsarka ba ta cikin labari, tana wurin masu wasan. CD Projekt Red, kamfanin Poland, lokacin wasan farko sabbin shiga ne, kuma ga dukkan alamu sun so wanda bai karanta littattafan Sapkowski, waɗanda aka gina wasan a kansu, ba ya shigo ba tare da an jibga masa tarihi ba. Ka lura da Alvin, yaro mai sihirin da ya fi ƙarfinsa, wanda Geralt ke karewa: gurbin Ciri ya cike. Triss ta wasan farko ma kaifin harshenta ya fi kama da na Yennefer. Da suka dawo da Yennefer da Ciri a Witcher 3 na 2015 sai tsohon gibin ya fito fili.

Ɗan Gwale:

Malam, na gode, maganar Alvin ta zauna min. Amma Yaya Uwar Ciri, ban yarda ba. In sun ɗauka ta mutu, ai shi ma sun ɗauka ya mutu, ga shi tsaye a gabansu. Wannan kaɗai ya isa su ce ƙila ita ma tana raye, a tashi a nema. Kuma Ciri ba wanda ya ga gawarta. A ɓoye wa uba labarin 'yarsa?

Batun Skjall kuma, Yennefer Ciri take nema, wadda ta riƙa kamar 'yarta, mugayen mahayan nan Wild Hunt na bin yarinyar a guje. Ban ce ta kyauta ba, amma uwa ce hankalinta a tashe.

Abin da ya sa nake tare da Yennefer shi ne aikin aljanin nan na tsibiran Skellige. Shekara da shekaru tana zargin cewa buƙatar da Geralt ya roƙi aljani ita ce ta ɗaure su, ba so ba. Ta bi sawun wani aljanin har kan dutse, inda rabin jirgin ruwa yake maƙale cikin ƙanƙara, ta sa ya warware ɗaurin, alhali ta san tana iya rasa komai. Suka zauna a bakin jirgin, ta ce ita ba abin da ya canja a zuciyarta. Mu da muka tashi muna jin ana cewa an yi wa wane asiri an mallake shi, mun san nauyin a ce mace da kanta ta je ta karya abin don ta san gaskiya. Ita ta zaɓi sani ko da zai cutar da ita, Triss kuwa ta amfana da rashin sanin wani.

Baban Roach:

Ni dai gargaɗi zan yi wa sababbi. Kada ka ce wa Triss kana son ta a tashar jiragen Novigrad sannan ka je Skellige ka maimaita wa Yennefer. Za su gayyace ka masaukin Kingfisher, su ɗaure ka a gado su tafi, Dandelion ne zai zo da safe. Duka biyun ka rasa, kuma a Blood and Wine, ƙarin labarin Witcher 3, ba ɗayarsu da za ta zo maka Corvo Bianco, gidan gonar Geralt.

Gibin da ya fi damuna kuma daban ne: Ciri ta shiga hasumiyar Undvik ta fuskanci White Frost, sanyin da ke hallaka duniyoyi, ba a nuna mana yadda ta yi ba. Ɗan Gwale, buɗe mana wannan ma in ka samu sarari.