Su wa ya kamata su zauna a kujerun hukumar masu gwajin jini?

Baban Ummi: Assalamu alaikum. Jiya na sabunta lasisina na bana, kuma tun daga lokacin abu ɗaya ke ci mini tuwo a ƙwarya. Shekarata 11 ina aikin lab a matsayin teknishan. MLSCN, wato hukumar da ke kula da sana'ar gwajin lab a Najeriya, ita ce ta amince da makarantar da na yi, ita ta yi mana jarrabawar fita, ita nake biya kuɗi duk shekara, ita ce kuma ke da ikon goge sunana daga rajista. Na ɗauko Doka ta 11 ta 2003 wadda ta kafa ta, na karanta sashen kwamitin gudanarwa. Shugaba dole ya zama sayantis, wato mai digirin aikin lab, wanda ya kai babban matsayin sana'ar da ake kira Felo, shugaban ƙasa ke naɗa shi bisa shawarar ministan lafiya. Mutum 12 daga shiyyoyi 6, dukansu sayantis. Sai wakilan ma'aikatar lafiya, na jami'o'i, da na AMLSN, ƙungiyar sayantis ɗin lab ta ƙasa. Teknishan ko ɗaya babu. Ni dai abin da na ce shi ne, hukumar nan a kanmu take, amma ba da mu ake tafiyar da ita ba.

Dattijo: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙorafinka na ji shi, amma ka haɗa abu biyu wuri ɗaya. Ƙungiya daban, hukuma daban. AMLSN tun 1964 take, aikinta ta yi wa 'ya'yanta faɗan albashi da matsayi, ku ma kuna da taku. Ita kuwa hukuma ta gaji cibiyar da gwamnatin soja ta kafa a 1968, kuma ba don jin daɗinmu aka yi ta ba. Ita ke tsara abin da za a koyar, ta zaga makarantu, ta yi wa lab rajista, ta tantance sinadarai da kayan gwajin da ake shigowa da su. Wanda zai zauna ya ce manhajar digirin shekara 5 ta BUK ko ta Jami'ar Danfodiyo ta cika ko ba ta cika ba, ai sai wanda ya bi ta cikinta. Kujerar ba ta rabon gado ba ce.

Baban Ummi: Baba, ban ce a ba ni manhajar digiri in duba ba. Amma manhajar shekara 3 da na yi fa, wa ke duba ta? Ka zo asibitinmu na sha-ka-tafi ka gani. Ɗaki ɗaya ne, tebur ɗaya, madubin gwaji ɗaya. In wuta ta ɗauke, bakin taga nake matsawa da shi. Ranar awo mata sai su cika baranda, ni zan ɗebi jinin, ni zan shafa a gilashi, ni zan duba, ni zan rubuta, ni zan wanke. Doka ta ce in yi aiki ƙarƙashin kulawar sayantis, amma sayantis mafi kusa da ni yana babban asibiti, tafiyar awa guda a babur. Wanda bai taɓa kwana a irin wannan wurin ba shi ke rubuta mini ƙa'ida.

'Yar Gwadabawa: Wallahi Yaya ka faɗi gaskiya. Makarantun koyon aikin lafiya na Makarfi, Jahun, Kankiya, Ningi, Tsafe, duk shekara yaye mu suke yi, mu ne a ƙauyuka. Ko kujera biyu aka ware mana, me zai ragu?

Dattijo: 'Yata, hanyar a buɗe take. Teknishan da yawa sun koma jami'a sun zama sayantis, wasu ma ni na koyar da su.

'Yar Gwadabawa: Baba, in sai na daina zama teknishan za a saurare ni, ai har yanzu ba a saurari teknishan ba ke nan.

Maman Sadiq: Ku yi mini afuwa, ni nas ce, ba 'yar lab ba, amma tun ɗazu ina karantawa zuciyata na tafasa. Kuna ta lissafin kujerar sayantis da ta teknishan, babu wanda ya ambaci mai jinin. Ƙanwata kafin aurenta an kai ta wani lab mai zaman kansa, aka ba ta takarda AA. Mijin ya san shi AS ne, bai ɓoye ba, aka ɗaura aure da kwanciyar hankali. Yaronsu na fari yana wata 8 hannuwansa da ƙafafunsa suka kumbura, kuka dare da rana, ko taɓa yatsunsa ba ya bari a yi. Ina ganin hannun nan gabana ya faɗi, don na san abin da yake nufi. Aka gwada, SS, wato sikila. Aka sake gwada uwar a wurare biyu, AS. Yaron nan yanzu shekararsa 4, an ƙara masa jini sau uku. Da muka koma wurin, mai lab ɗin cewa ya yi yaron da ya yi gwajin ya bar aiki. Shi ke nan. Yanzu kuma Kano ta yi dokar gwaji kafin aure tun 2024, kowa sai ya kawo takarda kafin a ɗaura. Takardar nan ita ke raba aure, ita ke haɗa shi. To a cikin waɗanda ke zaune a kwamitin nan, wa ke magana da bakin ƙanwata?

Dattijo: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba yaron nan lafiya, ya ba iyayensa juriya. Hajiya, wannan abin kunya ne gare mu baki ɗaya, ba zan kare shi ba. Bari in gaya miki yadda irin wannan ke faruwa. Gwajin jinotayif da yawancin ƙananan lab ke yi, ana ɗiga jinin a kan wata 'yar takarda ta musamman, a sa ta cikin ruwan sinadari, a kunna lantarki, sai nau'in A da na S su rabu, kowanne ya ja layinsa. In ruwan ya tsufa ba a canza ba, ko aka kashe na'urar kafin lokaci don wuta, layukan sai su manne su zama kamar ɗaya. Shi ya sa ƙa'ida ta ce kowane zubi a sa jinin da aka riga aka san AS ne a gefe, ya zama ma'auni. Masu son riba suna tsallake wannan. Wasu kuma, Allah ya kiyaye, ba su ma yi gwajin ba, rubutawa kawai suke yi. Hukumar tana da lab a Saye, kusa da Zariya, da ke aika samfurin da ta san amsarsa zuwa lab-lab don ta gane wa ke daidai. Amma wanda bai yi rajista ba, samfurin ba zai taɓa isa ƙofarsa ba.

Maman Sadiq: To Baba, ka ga abin da nake faɗa. Kun san duk wannan, mu ba mu sani ba, kuma ku kaɗai ke hukunta junanku.

Ɗan Ingila: Anti ta taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Nan inda nake aiki, hukumar da ke ba mu lasisi ita ce HCPC. Majalisarta mutum 12 ce: 6 'yan sana'o'in lafiya masu rajista, 6 mutanen gari waɗanda ba su da alaƙa da sana'ar. In aka kai ƙarar ma'aikaci, cikin masu sauraron ƙarar dole akwai mutumin gari, kuma hukuncin ana wallafa shi kowa ya karanta. Hukumar likitocinsu ma rabi da rabi ce. Ba su faro da haka ba, sai da suka ga abin da ke biyo baya in aka bar 'yan sana'a su kaɗai suna duba laifin 'yan'uwansu. Ban ce a kwafo komai nasu ba, amma wannan ɗin ya dace da mu.

Dattijo: Ɗana, a takarda ya dace. Amma bari in faɗa muku abin da ke sa irinmu ɗari-ɗari, don ku yara ba ku ga farkon rigimar ba. Shekara da shekaru muna lab, likitocin fatoloji, wato likitocin da suka ƙware a gano cuta ta hanyar gwaji, su ke shugabantar sashen, mu ke aikin, su ke sa hannu. Dokar 2003 ce ta tsayar da mu a matsayin sana'a mai cin gashin kanta. Duk da haka asibitoci da yawa suka ƙi bi, sai da aka je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa, a 2013 ta yanke hukunci a gefenmu, kuma har gobe ana jan wannan igiyar a asibitocin koyarwa. Ranar da aka kai dokar nan majalisa da sunan ƙara wa teknishan kujera biyu, ba ku kaɗai za ku je sauraron ra'ayin jama'a ba. Masu neman a mayar da lab ƙarƙashinsu za su riga ku isa zauren. Garin neman gira a rasa ido.

Ɗan Ingila: Baba, tsoronka yana da tushe, ban raina shi ba. Amma hujjar da suke jifanmu da ita kullum ita ce ba ma iya tsawata wa namu. In akwai mutanen gari a kwamitin, ana kuma wallafa sunan duk lab ɗin da aka rufe da dalilin rufewar, me ya rage musu su faɗa?

'Yar Gwadabawa: Kuma mu teknishan ba abokan gaba ba ne. In an zo yajin aikin JOHESU, gamayyar ƙungiyoyin ma'aikatan lafiya, ai tare ake kirga mu.

Baban Ummi: Akwai ma abin da ba mu taɓo ba. A watan Yunin 2023 shugaban ƙasa ya rushe kwamitocin gudanarwar hukumomin tarayya da sanarwa guda. Kujerar da ake hana mu, shi kansa wanda ke kai bai da tabbas a kanta. In za a gyara, a haɗa da wannan: kwamitin da ke hukunta masu wasa da jinin mutane bai kamata ya tashi don an canza gwamnati ba.

Dattijo: A nan kam ina tare da kai ɗari bisa ɗari. Maganar mutanen gari ma na karɓa, musamman wakilin masu sikila. Ta teknishan ce har yanzu nake ganin a fara da ba ku wuri a ƙananan kwamitocin da ke duba makarantunku da jarrabawarku, tunda wannan ba sai an taɓa doka ba.

Baban Ummi: Baba, a fara da shi, amma ba zan ce ya ishe mu ba. Taron reshenmu na wata mai zuwa zan gabatar da duka biyun, maganar ƙananan kwamitocin da ta kujerunmu a kwamitin gudanarwa.

Maman Sadiq: Ni tambayata ɗaya. Takardar AA ɗin nan tana wurin ƙanwata har yanzu, cikin jakar takardun aurenta. Shekara 5 ta wuce. Akwai amfanin kai ƙara?

Dattijo: Akwai. A rubuta wa Magatakardar hukumar a Abuja, a haɗa da hoton tsohuwar takardar, sakamakon biyun da aka sake, da na yaron. Kada ku ba kowa ta asalin. Ki duba mini, akwai sunan wanda ya yi gwajin da lambar rajistarsa a ƙasa?

Maman Sadiq: Yanzu ta turo mini hotonta. Babu suna, babu lamba. Hatimi ne kawai da wani jan layi a wurin sa hannu.

Dattijo: To wannan ma ki sa shi a cikin ƙarar, shi ne layin farko. Turo mini hoton ta gefe, in an yi isha'i zan taya ku tsara wasiƙar.